Abin da kula da tsofaffi a gidajensu ya koya mini a Gombe

A wajenmu ba a kai tsoho gidan ajiya. Duk wanda ya shiga wannan sana'a da niyyar kama haya a Tumfure ko Pantami, ya jera gadaje yana jiran a kawo masa iyayen mutane, zai daɗe yana jira, domin ɗan da ya yi haka gari zai ce ya yar da uwarsa. Amma buƙatar tana nan. 'Ya'ya sun watsu, wannan yana Abuja, wancan yana Kano, 'yan matan gidan sun tafi ɗakunan mazajensu, an bar tsohuwa da matar ɗa guda ɗaya mai goyo da girki da kai yara makaranta. Shi ya sa muka ɗora aikinmu a kan zuwa gida: tsoho yana ɗakinsa, kusa da masallacinsa da jikokinsa, mu ne muke zuwa.

Abu na farko da aikin ya nuna mini shi ne nauyin kunya. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye ya gwammace ya kwana cikin fitsari da a ce surukarsa ta ga tsiraicinsa. Ba zai faɗa ba, sai dai a ga ya rage shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa, a cikin zafin watan Afrilu na Gombe. Sai da na fahimci haka na san dole in nemi samari maza masu haƙuri, namiji ya kula da namiji, mace da mace. A rufe ƙofa, a lulluɓa zane, a buɗe inda ake wankewa kawai, ana yi ana cewa, "Sannu Baba, bari in ɗaga hannun nan." A ganina wannan suturar ita ce rabin abin da iyali suke biya.

Sai gyambon kwanciya, wanda ya fi komai tayar mini da hankali saboda yawanci ana iya hana shi. Yana farawa da ɗan wuri a ƙugu ko diddige da launinsa ya sauya ko ya ɗau zafi. Idan aka bar mutum a ɓangare ɗaya, nauyin jikinsa yana tsayar da jini a wurin har fata ta mutu. Ana juya mara lafiya kusan duk bayan awa 2, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a miƙar da zanen gado, a tabbatar wurin a bushe yake. Muna koya wa mutanen gida wannan tun ranar farko, don dare nasu ne.

Mu ba likitoci ba ne, kuma ina nanata wa ma'aikatana haka. Muna auna hawan jini da suga, mu rubuta a littafi, mu tabbatar an sha magani a kan lokaci. Idan awon hawan jini ya riƙa wuce 140/90, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, sai Asibitin Koyarwa na Tarayya, ba jira. Mai ciwon suga da ya dage sai ya yi azumi kuwa, mukan haɗa shi da likitansa da malamin da yake jin maganarsa.

Gigin tsufa shi ne ya fi karya zuciyar iyali. Wata Goggo da muka kula da ita ta shekara da shekaru tana Hausa, amma da abin ya yi nisa sai ta koma Fillanci, tana neman mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa. Jikoki suna ta gyara mata zance, tana ta kuka. Da muka kawo mai jin Fillanci ta durƙusa ta ce mata "A waali jam, Dada?", wato "Kin kwana lafiya, Inna?", sai ta karɓi kunu daga hannunta. A garin da ake jin Fillanci da Tangale da Tera da Bolanci, yaren ma'aikaci yana cikin abin da nake dubawa kafin takardar shaidarsa.

Maganar kuɗi a yi ta a fili tun farko. A rubuta wanda zai biya cikin 'ya'ya, da ranar biya, da wanda zai sayi famfas da safar hannu. A yi wa sana'ar rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, don wanda yake nesa ya fi natsuwa ya tura kuɗi asusun da ke da suna. Kuma a biya ma'aikaci kafin a biya kai. Wanda ake riƙe wa albashi ba zai yi wa tsoho haƙuri ba.

Gwamnatin tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, amma a unguwanni irin su Jekadafari da Bolari hannu ake nema. Ga matasanmu da suka gama karatun kiwon lafiya a Kaltungo suna zaune jiran aikin gwamnati, ina cewa ku fara. Na'urar awon jini, ta awon suga, littafi da biro sun isa jari. Ku soma da gida ɗaya a unguwarku, inda aka san iyayenku, ku je gaisuwa tare da wani babba kafin ku ambaci aiki.