Baffa ya ce, "Ta jiha ce fa?"

Ranar da takardar samun gurbi a jami'ar Purdue ta iso, Baffa na fara kai wa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma da kuɗin wakensa da gyaɗarsa na gama digirin aikin gona a Samaru, Zariya. Ya sa tabarau ya duba, ya yi hamdala, sannan ya tambaye ni ko jami'ar ta gwamnatin tarayyar Amurka ce. Na ce a'a, ta jihar Indiyana ce. "Ta jiha ce fa?" Ya ɗan yi shiru. "To, Allah ya sa albarka. Su waɗancan ba su amsa ba?"

Sun amsa, amma ba su ɗauke ni ba. Ɗaya ce daga cikin manyan jami'o'in nan masu zaman kansu na gabashin Amurka, waɗanda ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san sunansu. Na yi wata uku ina faɗa wa mutane can na nema. Don haka na hau jirgi da farin ciki rabi, ina jin kamar na samu abin da ya rage ne bayan an gama rabo.

Ban ga laifin Baffa ba. A wurinmu ta tarayya ce gaba, ta jiha na biye, da wannan ma'aunin muka taso. Sai da na isa na gane cewa a Amurka ma'aunin ba ya aiki. In ka cire makarantun soja irin su West Point, gwamnatin tarayya ba ta riƙe da jami'o'i yadda tamu take riƙe da ta Zariya ko ta Ibadan. Berkeley, Michigan, Wisconsin, duk na jihohi ne. Da yawa daga cikin irinsu sun samo asali ne daga dokar Morrill ta 1862, wadda Abraham Lincoln ya sa wa hannu ana tsakiyar yaƙin basasa. An ba jihohi filaye su sayar su gina makarantun noma da aikin injiniya, don ɗan manomi da ɗan maƙeri su ma su samu ilimi mai zurfi. Purdue ta wannan hanyar ta fito a 1869. Su kuwa takwas ɗin da ake kira Ivy League, su Harvard da Yale da Princeton, yawancinsu sun girmi ƙasar kanta, Harvard tun 1636 take. Sunan ƙungiyar tasu ma daga gasar wasanni ya fito.

Garin West Lafayette, inda Purdue take, ba shi da wani ƙyalli. Ka fita kaɗan sai gonakin masara da waken suya har iyakar ganinka, in hunturu ya shigo kuma sanyi ya shiga ƙashi. Ba na biyan kuɗin makaranta, ina taya malamina aikin bincike ana ba ni ɗan albashi duk wata, ya ishe ni haya da abinci. A makon farko aka kai ni ɗakin da ake kiwon ƙwarin wake cikin kwalabe. Da na buɗe kwalba na ji warin nan, rumbun Baffa na tuna. Ƙwaron da ke mayar mana da wake gari kafin damina ta zagayo, shi waɗannan mutane suka yi shekaru suna nazari a kansa, tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. Daga nan buhun PICS ya fito, leda biyu masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje, a ɗaure kowanne tam. Ƙwaro ya shaƙe 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba a zuba wa abinci guba ba. Harafin farko na sunan buhun, Purdue yake nufi.

A wannan makaranta Gebisa Ejeta, ɗan Habasha, ya yi aikin samar da dawa mai jure ƙuduji, har aka ba shi kyautar abinci ta duniya a 2009. A nan Akinwumi Adesina, tsohon ministan noma na Najeriya, ya yi digirinsa na uku a 1988. Wata rana ina hira da wani ɗalibi Ba'amurke mai nazarin harsuna, ya gaishe ni da Hausa tsaf. Shi ya tuna mini cewa Paul Newman, mai manyan ayyukan nahawun Hausa, a jami'ar Indiyana ya yi shekaru yana koyarwa, Russell Schuh kuma, wanda mutanenmu ke kira Malam Takalmi, a UCLA, jami'ar California da ke Los Angeles. Duka biyun na jiha ne. Haka ma jami'ar Kansas State ce ta turo malamai Zariya a shekarun 1960 suka taimaka wajen kafa karatun noma da likitancin dabbobi, wato inda ni kaina na yi karatu. Ashe tun kafin in san akwai su nake cin arzikinsu.

Amma ba zan ɓoye abin da idona ya gani ba. Suna yana da aiki. Na je wani taro a Washington, ana shan shayi ana gabatar da juna. Wanda ke gefena ya faɗi makarantarsa, nan take aka juyo gare shi ana miƙa masa kati. Da na faɗi tawa aka gyaɗa kai cikin ladabi aka wuce. Ya yi mini ciwo. Washegari a zauren masu binciken adana hatsi kuwa, kafin in rufe baki an tambaye ni malamina, aka ja mini kujera. Mutum ɗaya, takarda ɗaya, zaure biyu. In harkar shari'a ce ko manyan bankuna ko siyasa, tsofaffin makarantun nan sun riƙe ƙofa: takwas daga cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka a Harvard ko Yale suka karanta shari'a. Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun bi diddigin ɗalibai masu ƙoƙari iri ɗaya, suka ga cewa wanda ya shiga makaranta mai wuyar shiga da wanda bai shiga ba, abin da suke samu daga baya bai bambanta sosai ba. Sai dai ga 'ya'yan talakawa da waɗanda iyayensu ba su yi boko mai zurfi ba, a nan sunan yana ƙara wani abu, domin ba su da wanda zai kama hannunsu. Mu ne waɗannan ɗin.

Duk da na san haka, na dawo gida ina kare jami'o'in jiha kamar ni na gina su, kuma a nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. 'Yar yayata ta gama sakandare da sakamako mai kyau ƙwarai, ta zo ta durƙusa ta ce, "Kawu, ina zan nema?" Na ce ta bar masu manyan sunaye, na masu kuɗi ne, ta nemi na jiha kawai. Ta bi maganata. Biyu suka ɗauke ta, babu wadda muka iya biya. Na auna digirin farko da ma'aunin digiri na uku. Jami'ar jiha da harajin mutanen jihar ake tallafa mata, don haka ɗan jiha a Purdue yana biyan wajen dala 10,000 a shekara, baƙo kuwa kusan ninki uku, kuma ba kasafai ake ba baƙo mai digirin farko tallafi ba. Harvard kuwa tana zaune a kan asusun da ya haura dala biliyan 50. Ita da Yale da Princeton da MIT, in sun ɗauki yaro, ko daga wace ƙasa yake, suna duba ƙarfin iyayensa su cike abin da ya rage. Shiga ce mai wuya, ba a ɗaukar ko biyar cikin ɗari. Wataƙila da ba ta samu ba. Amma ni na hana ta gwadawa, saboda haushin da na ƙunsa tun ranar da aka ƙi ni.

Na je na ba ta haƙuri a gaban mahaifiyarta. Yanzu tana aji uku a Kano tana karanta ilimin sinadarai. Mun fara duba inda za ta nemi digiri na biyu, kuma wannan karon da sunayen malamai muka fara, waɗanda ke aiki a kan abin da take so, sannan muka duba wa ke da kuɗin ɗaukar ɗalibi. A jerin namu akwai na jiha huɗu, masu zaman kansu biyu.

Baffa ya tsufa, ba ya zuwa gona. Da na je gaishe shi kafin azumin bana, ya sa aka kwance buhun waken da aka ɗaure tun kaka. Ya tura hannu ya ɗebo, ya matso da shi kusa da idonsa, babu ko huda ɗaya. Na nuna masa haruffan da ke jikin buhun, na faɗa masa abin da na farkon yake nufi. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce a ɗibar mini kwano biyar in tafi da su.