Yadda Ake Hana Shiga Saitin Waya Daga Cikin Manhaja

Mai haɗa manhajar da za a sa a wayoyin ma'aikata, ko allunan ɗalibai, ko na'urar karɓar kuɗi, yakan buƙaci hana mai riƙe da wayar shiga saiti, kada ya kashe intanet ko ya sauya agogo ko ya goge manhajar ɗungurungum. Sai dai manhajar da aka sauke kamar kowace manhaja ba ta da wannan iko a Android. Da gangan aka yi haka, don in ba haka ba kowace muguwar manhaja za ta iya kulle mutum a cikin wayarsa.

Wasu kan bi ta bayan gida. Su sa manhajar ta riƙa leƙen abin da ke buɗe a allo, da ta ga saiti sai ta rufe shi da nata shafin. Tun Android 5.0 a 2014 aka rage wa getRunningTasks, umarnin da ake wannan leƙen da shi, ƙarfi, ya daina nuna ayyukan wasu manhajoji, sai mutane suka koma amfani da sashen taimaka wa masu buƙata ta musamman (Accessibility) don yin leƙen. Ban ba da shawarar wannan ba. Yana cin batir, saitin kan ɗan bayyana kafin a rufe shi har mai saurin yatsa ya shige, kuma dokokin Google Play sun tsananta a kansa.

Hanyar da ke aiki ita ce manhajar ta zama mai mallakar na'urar, wato matsayin Device Owner. Ka rubuta ajin da ya gaji DeviceAdminReceiver, ka bayyana shi a manifes, wato fayil ɗin da ke bayyana wa Android sassan manhajar, sannan wajen gwaji ka jona wayar da kwamfuta ka tura umarnin adb shell dpm set-device-owner tare da sunan kunshin manhajar da na ajin (adb shi ne hanyar tura wa waya umarni daga kwamfuta). A nan mutane suka fi cijewa: muddin akwai asusu ko da ɗaya a wayar, na Google ne ko na wata manhaja, umarnin zai ƙi. Sai an cire su duka. Idan wayoyin na da yawa, a goge kowace ta koma kamar sabuwa, a taɓa allon maraba sau 6, a haska mata lambar QR. Wannan na aiki daga Android 7.0.

Da matsayin ya samu, sai ka kira setLockTaskPackages ka ba shi jerin manhajojin da ka yarda a buɗe, sannan startLockTask. Kada ka juya tsarin. In ka kira na biyun alhali manhajarka ba ta cikin jerin, abin da za ka samu maƙale allo ne kawai, wanda ke neman izinin mai wayar, kuma danne maɓallan ƙasa biyu ya isa a fita daga cikinsa. Daga Android 9 akwai setLockTaskFeatures, wanda da shi kake zaɓar ko za a ga sanarwa, ko maɓallin gida zai yi aiki.

Kulle allo kaɗai bai wadatar ba. Mai wayo zai kunna wayar a yanayin da ba ya loda manhajojin waje, ya yi abin da ya ga dama. Saboda haka da addUserRestriction ake toshe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya: DISALLOW_SAFE_BOOT ya rufe wancan yanayin, DISALLOW_FACTORY_RESET ya hana goge wayar daga saiti, DISALLOW_CONFIG_DATE_TIME ya tsare agogo, amma shi sai Android 9 zuwa sama. DISALLOW_DEBUGGING_FEATURES kuwa ka bar shi sai ƙarshe, domin yana yanke adb, kuma da shi kake gyara.

Kada ka ɓoye kunshin com.android.settings gaba ɗaya, ko da ka ga kamar shi ne mafi sauƙi. A cikinsa akwai akwatin haɗa Bluetooth da shafin zaɓen Wi-Fi, har da allon da ke riƙe wayar yayin da take tashi. Cire shi daga jerin da aka yarda ya isa. Kuma in ka hana sauya Wi-Fi, ka tanadi yadda za a shigar da sabuwar hanyar sadarwa daga cikin manhajarka, in ba haka ba ranar da aka canza kalmar sirri wayar za ta katse, ba ka da hanyar isa gare ta daga nesa.

A iPhone manhaja ba ta iya yi wa kanta wannan. Ko dai mai wayar ya kunna Guided Access, mai tsare waya a manhaja ɗaya, da hannunsa, ko a sa na'urar ƙarƙashin kulawa ta Apple Configurator ko Apple Business Manager, a kulle ta a manhaja ɗaya ta tsarin MDM, wato tsarin sarrafa na'urori daga nesa.

Kafin ka raba wayoyin, ka gina ɓoyayyiyar mafita mai lambar sirri wadda ke kiran stopLockTask ta kuma cire takunkuman da clearUserRestriction. Ka gwada ta bayan kashe wayar da kunna ta, sannan ka sake gwadawa babu intanet, a kowane samfurin wayar da za ka raba, domin kamfanoni kan sauya saitinsu.