Mun Raba Filaye a Duniyar Wata Daga Teburin Mai Shayi

Sana'ata cajin waya ce. Ina da ɗan shago a wani ƙauye da ke gefen Ringim, da faifan sola a kan rufi da batura a ƙarƙashin kanta. Bayan isha'i, idan masu karɓar waya sun ragu, nakan zauna da tawa wayar ina shan garaɓasar datar dare. A irin wannan zaman na gano cewa wata yana da taswira a intanet, kuma kyauta ce, ba a tambayarka ko sisi.

Wadda na fi sabawa da ita sunanta QuickMap. Hotunanta daga wani kumbo suke mai suna LRO, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2009, yana zagaya wata yana ɗauka. Akwai kuma Moon Trek ta ita NASA ɗin, sai dai ta fi nauyi a ƙaramar waya. Da ka buɗe za ka ga wata gaba ɗayansa, sai ka sa yatsu biyu ka yi ta buɗawa, ƙasa tana matsowa, har ka kai inda ake ganin dutsen da bai fi girman ɗaki ba. Wurin da ke da nisan kilomita kusan 384,000 daga inda kake zaune ke nan.

Abin da zan fara gaya wa duk mai son gwadawa shi ne ya juya wayarsa. Taswira tana ajiye arewa a sama, amma mu a nan jinjirin wata kwance yake fitowa kamar ƙwarya, don haka idan ka ɗaga kai sama ka dawo kan waya ba za ka ga sun yi daidai ba sai ka karkatar da ita. Akwai wani baƙin tabo mai zagaye a gefe, Mare Crisium, wanda yake bayyana tun wata yana ɗan kwana uku ko huɗu. Shi nake kamawa in daidaita sauran. Waɗannan baƙaƙen tabon da muke gani tun muna yara a dandali, shimfiɗaɗɗun filaye ne na narkakken dutse da ya malala ya daskare tun zamani mai nisa.

Sai batun inuwa. Wani lokaci rami zai fito maka a hoto a kumbure, ka rantse tudu ne. Ido ne ke yaudararka saboda ɓangaren da hasken rana ya fito. Juya wayar sama ta koma ƙasa, nan take tudun zai lotsa ya koma rami. Kuma daren sha huɗu, da kowa ke yabon farin wata, shi ne mafi rashin amfani ga mai son ganin ramuka, domin rana tana dukan wurin kai tsaye, babu inuwa. Daren bakwai ko takwas ya fi. Na ari madubin hangen nesa wurin wani abokina, na bi layin da haske ya haɗu da duhu, sai ga ramukan da na gani a waya, ɗaya bayan ɗaya, da bakinsu da inuwarsu. Jikina ya yi sanyi a daren nan, na yi ta tasbihi.

Sunayen ramukan ma sun riƙe ni. A tsakiyar fuskar da muke gani akwai wani ƙaton rami, Albategnius, an sa masa sunan Al-Battani ne, masanin taurari. Kusa da shi ga Arzachel, wato Al-Zarƙali na Andalus. Ibnul Haisam yana da nasa a gefen Mare Crisium, Al-Khawarizmi yana can bayan wata, ɓangaren da ɗan'adam bai taɓa gani ba sai da kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ya ɗauko hotonsa a 1959. Har Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan da ya ratsa daular Mali ya kai Takedda wajen 1353, yana da ɗan raminsa mai faɗin kilomita goma da wani abu. Da na nuna wa malamin makarantar allonmu, sai da ya karɓi wayar ya sa tabarau.

Labari ya kai teburin mai shayi, kuma a nan aka yi ta. Kawuna yana cikin waɗanda ba su taɓa yarda an je wata ba. Ban yi musu da shi ba, na dai nemo inda kumbon Amurka Apollo 17 ya sauka da mutane a Disambar 1972 na miƙa masa. Ana ganin gindin kumbon da suka bari, da layin sawun mutane, da layi biyu na tayar motarsu. Babu iska can, babu ruwan sama, shi ya sa sawun bai goge ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ɗana, in ma sun je, me suka shuka?" Aka fashe da dariya. Mutum 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, kuma gaskiyar kawu ce, babu wanda ya zauna.

Da na ce musu yanzu zaman ake shiri, Amurka da shirinta na Artemis, Sin da Rasha da nasu sansanin da suke tsarawa, sai majalisa ta koma rabon filaye. Mai shayi ya ce shi bakin tasha yake so, inda kumbo ke sauke fasinja. Na ce masa a fili can ruwa ba ya zama a tukunya, tafasa yake ya tsere ko ba wuta saboda babu iska. Ya ce, "Ai ka ga na huta da sayen gawayi." Wani ɗan dako da ya ji cewa buhu mai kilo 100 zai ji shi kamar kilo 17, domin jan ƙasar wata kashi ɗaya ne cikin shida na tamu, ya ce a rubuta sunansa a jirgin farko, shida-shida zai riƙa ɗauka. Mai shelar garinmu kuwa aka ce masa ya zauna gida, sauti ba ya tafiya inda babu iska.

Kawu bai yi dariya sosai ba. Ya ajiye kofi ya ce, "Kai yaro, ku bar shirme. Ina rijiya? Wa ya taɓa kafa gari bai ga ruwa ba?"

Wannan tambayar ita ce ta fi kowace daraja a wurina, domin ita ce ainihin wadda masana ke bi. Na sauya taswirar ta koma kallon ƙuryar kudu. Can rana ba ta hawa sama, a gefen sararin sama take zagayawa, don haka akwai ramuka masu zurfi da haskenta bai taɓa shiga cikinsu ba. Sanyinsu ya wuce digiri 200 ƙasa da sifiri. A Oktoban 2009 NASA ta rafka gangar roka da gangan cikin ɗaya daga cikinsu, Cabeus, aka auna ƙurar da ta tashi, aka sami ruwa a ciki. Ƙanƙara ce gauraye da ƙasa. In an tono ta za a sha, a raba ta a sami iskar shaƙa da man roka. Shi ya sa idon kowa yake kudu. Indiya ma wajen can ta sauke kumbonta Chandrayaan-3 ranar 23 ga Agustan 2023. Na nuna masa Shackleton, rami mai faɗin kilomita 21, na ja layi a kansa taswirar ta fitar da zurfinsa, kilomita huɗu da ɗoriya. Kawu ya ce, "Wannan guga sai dai gwamnati."

Tawa tambayar ta wuta ce, tunda ita ce abincina. A yawancin wata, rana takan yi kusan kwana 14 ba ta faɗi ba, zafi ya haura digiri 120, sannan dare ya yi wasu 14. Ni da hadarin kwana biyu a Agusta ke sa in fara ba mutane haƙuri, na san abin da daren mako biyu zai yi wa batir. Amma a kan tsaunukan da ke bakin ramukan kudu akwai wuraren da hasken rana ke samu mafi yawan lokaci. Wuta a sama, ruwa a ƙasa, kusa da juna. Sai ƙura: ta can kaifi gare ta, domin babu iska ko ruwan da zai goge mata baki, ta ci kayan 'yan Apollo, ta shiga musu hanci. Duk mai share faifan sola da hunturu zai gane wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wani ya jefo batun azumi, ya ce wa zai kai yinin mako biyu. Malam ya ce wannan aikin malamai ne, kuma an fara, domin a 2007 da wani ɗan Malesiya zai je tashar sararin samaniya cikin Ramadan, malaman ƙasarsu sun zauna sun fitar masa da jagorar ibada. Na ƙara da cewa daga fuskar wata da ke kallonmu, duniya kusan wuri ɗaya take tsayawa a sama, ba ta fitowa ba ta faɗuwa, don haka neman alƙibla ba zai yi wuya ba.

Ni ban ɗauki wannan hirar a matsayin wasa kawai ba. Mutanen da ba su taɓa shiga ajin kimiyya ba sun jero ruwa, wuta, ƙura da lokaci, su ne kuma abubuwan da injiniyoyi ke kashe biliyoyi a kansu. Yana yi mini ciwo cewa yaranmu na sakandare suna haddace sunayen duniyoyi a allo, alhali wannan taswira tana nan, wayar malami ɗaya ta isa aji guda. Matsalarta ɗaya, tana shan data in ka yi ta matsowa, don haka nakan ɗauki hoton allon wuraren da nake so da dare in ajiye, da rana in nuna wa duk yaron da ya kawo caji.

Maganar filaye kuwa mai unguwa ne ya kashe ta. Na gaya masa akwai yarjejeniyar 1967 da ta hana kowace ƙasa cewa wata nata ne, ko da yake faɗinsa ya fi na Afirka gaba ɗaya, kuma a Disambar 2022 Najeriya da Ruwanda suka zama na farko a nahiyar nan da suka sa hannu a ƙa'idojin Artemis, wato dokokin aiki a wata da Amurka ta tsara da wasu ƙasashe. Ya ce, "Ashe muna da kujera a zauren. To wa muke turawa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai hukumar sararin samaniya a Abuja tun 1999." Ya ce in rubuta mata in ce garinmu yana da maginan rijiya uku, kuma ba sa tsoron zurfi.