Yadda nake karanta hasashen hunturun Yakutiya

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, nakan koma bibiyar hasashen hunturun Yakutiya, wato Jamhuriyar Sakha da ke arewa maso gabashin Rasha, yankin da ya fi kowane yanki da mutane ke zaune a duniya tsananin sanyi. Da farko abin da ke jan hankalina shi ne alƙaluman kansu, domin a garin Oymyakon ma'auni ya taɓa nuna digiri 67.7 ƙasa da sifili a watan Fabrairun 1933, a Verkhoyansk kuma an rubuta 67.8 tun shekarar 1892. Daga baya na fahimci cewa wanda ya tsaya kan irin waɗannan lambobi kaɗai bai karanta hasashen ba tukuna, saboda mazauna wurin ba sa jiran a gaya musu cewa za a yi sanyi. Abin da suke son ji shi ne yaushe zai kankama, makonni nawa zai zauna, kuma da iska zai zo ko babu.

Dalilin sanyin yana da sauƙin fahimta. Yankin yana da nisa ƙwarai daga tekun Atlantika, duwatsu kuma sun tare shi daga ɗumin tekun Fasifik, ga dare mai tsawo, domin a birnin Yakutsk hasken rana bai wuce kimanin sa'o'i biyar ba a watan Disamba, a Verkhoyansk kuwa rana kan ɓace gaba ɗaya na wani lokaci. Dusar ƙanƙara tana mayar da ɗan hasken da ya samu, ƙasa tana ta zubar da zafinta zuwa sarari, sai iska mai sanyi da nauyi ta taru ta zama wani babban tudun matsin iska da ke mamaye Saberiya duk hunturu. Iskar da ta fi sanyi ita ce ta fi nauyi, don haka takan gangara ta kwanta a cikin kwaruruka, ta bar kan tsaunuka da ɗan dama-dama. Shi ya sa Oymyakon, wanda ke cikin kwari, ya fi garuruwan bakin tekun Aktik sanyi duk da cewa sun fi shi kusa da ƙuryar arewa.

Wannan ne ya sa kalmar da na fi nema a cikin hasashen ita ce tsit, wato rashin motsin iska. Idan sama ta washe kuma iska ta kwanta, ma'auni yakan sauka ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili ya zauna nan kwanaki, kuma a Yakutsk tururin da ke fita daga motoci da gidaje da bakunan mutane yakan daskare ya zama hazo mai kauri, har mutum ya kasa ganin ƙarshen titi. Mutanen birnin sun saba da wannan hali. A Tiksi da sauran garuruwan gaɓar teku ma'auni ba ya cika kaiwa can, amma guguwar dusar ƙanƙara takan rufe hanya da filin jirgi, kuma digiri 30 da iska mai ƙarfi yakan ƙona fatar fuska cikin mintuna kaɗan. Hukumomin ilimi ma sun san da haka, domin ƙa'idar dakatar da zuwa makaranta tana duba ƙarfin iska tare da ma'auni, kuma a Yakutsk ƙananan ɗalibai sukan zauna a gida idan aka kai wajen digiri 45.

Akwai kuma batun yadda ake rubuta hasashen dogon zango, wanda a ganina shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Masana ba sa iya faɗin abin da zai faru ranar kaza a watan Janairu tun daga Oktoba. Abin da suke bayarwa shi ne yiwuwa, wato ko matsakaicin watannin hunturu uku zai fi na al'ada sanyi, ko ya yi daidai da shi, ko ya fi shi ɗumi, kuma na al'adar nan ana auna shi ne da matsakaicin shekaru talatin, a yanzu daga 1991 zuwa 2020. To a birnin da matsakaicin Janairu ke kusa da digiri 40 ƙasa da sifili, idan aka ce hunturu zai fi na al'ada ɗumi da digiri biyu, ba a ce kowa ya ajiye hular gashinsa ba. Matsakaici kuma yakan ɓoye abin da ya fi haɗari, domin wata guda yana iya ƙunsar makonni uku masu sauƙi da mako ɗaya da zai fasa bututun ruwan zafi na unguwa guda. A Janairun 2023 an ga irin wannan, lokacin da wasu tashoshin Yakutiya suka sauka ƙasa da digiri 60, sanyin kuma ya malala kudu har garin Mohe na ƙasar Sin ya rubuta digiri 53, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ma'aunin ƙasar.

Abin da ke iya wargaza hasashe gaba ɗaya yana can sama, a inda wata iska mai ƙarfi ke kewaya ƙuryar arewa duk hunturu tana riƙe sanyi kamar an ɗaure shi. Wani lokaci sararin da ke wurin yakan yi ɗumi kwatsam cikin 'yan kwanaki, kewayen ya raunana ko ya rabu biyu, bayan makonni kaɗan sai sanyi ya ɓalle zuwa wuraren da ba su shirya ba, kamar yadda ya faru a Turai a ƙarshen Fabrairun 2018. Ba a cika hango wannan fiye da makonni biyu kafin aukuwarsa ba.

Amma darasin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa a Yakutiya hasashen ɗumi ba lallai ne ya zama albishir ba. Birnin Yakutsk yana gefen yamma na kogin Lena, layin dogo kuma ya ƙare ne a ɗaya gefen, a Nizhny Bestyakh. Da bazara jirgin fito ke ƙetarar da motoci, da hunturu kuma kan ƙanƙarar kogin ake bi, kuma ƙauyuka da yawa na arewa ba su da wata hanyar samun man fetur da gari da kayan gini in ba waɗannan hanyoyin ƙanƙara ba. Idan sanyi ya yi jinkirin kankama, ƙanƙara ba ta yin kaurin da zai ɗauki manyan motoci da wuri, sai kwanakin jigila su ragu, kaya su yi tsada. Dusar ƙanƙara mai yawa da wuri ma matsala ce, domin takan lulluɓe kogi kamar bargo ta hana shi daskarewa sosai. Ga kuma gine-ginen birnin, waɗanda aka ɗora kan ginshiƙai da aka kafa cikin daskararriyar ƙasa, suna buƙatar hunturu mai tsanani don ƙasar ta ci gaba da riƙe su. Verkhoyansk ɗin nan da ya rubuta 67.8 shi ne kuma ya kai digiri 38 sama da sifili ranar 20 ga Yunin 2020, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da shi a matsayin zafi mafi girma da aka taɓa aunawa a yankin Aktik.

Saboda haka idan hasashen bana ya fito, zan fara duba watan Nuwamba kafin Janairu, in ga ko sanyi zai riga dusar ƙanƙara sauka a kan Lena.