Wasiƙa daga Manchester: makon da ake tura yara aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Da fatan damina ta sauka lafiya, yara kuma sun shiga dogon hutu cikin ƙoshin lafiya.

Akwai wata al'ada ta makarantun sakandare a nan Ingila da nake so in ba ku labarinta. Idan yaro ya kai aji goma, kwatankwacin SS1 a wajenmu, yana ɗan shekara 14 ko 15, makaranta kan sallame shi na mako guda, wasu makarantun mako biyu, ya je ya yi aiki a wani wuri kamar sauran ma'aikata. Yawanci a watan Yuni ko Yuli ake yi, gab da babban hutu. Ba a biyansa ko sisi. Yana tafe da ɗan littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum, mai wurin ya sa hannu, malami kuma ya leƙo ko ya bugo waya ya ji ko lafiya. A da doka ce ta ɗora wa makarantu koyar da sanin aiki a wannan mataki, sai gwamnati ta janye wajabcin a 2012, bayan rahoton Farfesa Alison Wolf na 2011. Tun daga nan ya zama ganin dama, wata makarantar ta riƙe, wata ta watsar.

Neman wurin kuwa galibi yana wuyan yaro da iyayensa. Ɗan likita ya samu asibiti, ɗan lauya ya samu ofishin abokin babansa. Duk wanda ya ce muku Turawa ba su san hanya da alfarma ba, bai zauna da su ba ne; a nan ma da ɗan gari kan ci gari. Mu da yawancinmu tuƙin tasi muke yi, ko aikin kula da tsofaffi, ko gadi, wa muka sani? Babbar 'yata ta rubuta wa wani kantin magani da wani asibitin haƙori. Ɗaya ya yi shiru, ɗayan ya amsa cewa inshorarsu ba ta ɗauki wanda bai kai 16 ba. Laburaren unguwa ne ya karɓe ta, a sashen yara, inda ake shirya musu zaman zane da ƙere-ƙere. Babanta ya taɓe baki ya ce, "Duk wannan karatun, ashe raino za a tura ta?" Haka na ji mata da dama suna faɗa a wajen suna da walima. Kowa so yake a ce ɗansa ya yi makonsa sanye da farar riga a asibiti, ko da kuwa shayi ya wuni yana haɗawa.

Ni ban yarda da su ba. Ranar farko ba a bar 'yata ta kusanci yaro ko ɗaya ba. Shugabar sashen ta zaunar da ita ta karanta mata ƙa'idoji: ba a keɓewa da yaro a ɗaki, ba a raka shi bayi, ba a ɗaukar hotonsa da waya, ba a ba shi ko alewa, domin akwai yaran da gyaɗa kaɗai kan kai su asibiti rai a hannun Allah. Idan yaro ya faɗa miki wani abin da ake yi masa a gida, kada ki yi masa alkawarin rufa asiri, ki sanar da babba nan take. Matar ta kai sa'ar kakarta, amma ta ce a kira ta da sunanta gatsal. Wannan kam ya gagari 'yata har aka gama. Sai dai ta matsa kusa ta yi gyaran murya.

Da na je ɗaukarta wata rana na tarar ba su tashi ba, sai na tsaya daga bakin ƙofa. Fuskokin kwali suke haɗawa irin na bikin 'yan Karibiyan da ake yi a filin Alexandra Park cikin watan Agusta. Tebur ya cika da gam da fenti da gashin tsuntsu mai launi. Tana zaune a kan 'yar kujerar da ba ta kai gwiwarta ba, gefen hijabinta duk ƙyalƙyali, kusa da ita wani ɗan yaro da bai wuce shekara biyar ba ya yanke kunnen zakinsa bisa kuskure, baki ya fara rawa. A gida da ƙaninta ne, da tuni ta fizge ta ce kawo in yi maka. A nan an hana ta. Sai ta tura masa gam, ta riƙe masa kwalin da yatsa biyu, ta bar shi ya manna kunnen a karkace da hannunsa. Da aka tashi ta ƙirga almakasai ta mayar cikin gwangwani, aka rasa ɗaya, ba wanda ya fita sai da aka gano shi ƙarƙashin tabarma. Wanda ya wuni yana kallon likita daga nesa bai ɗauki nauyin komai ba. Ita kuwa an damƙa mata 'ya'yan mutane da abu mai kaifi, kuma akwai wadda za ta tuhume ta idan aka samu matsala, wadda ba uwarta ba ce balle ta yi mata shagwaɓa.

Da makon ya ƙare suka ce ta dawo aikin sa-kai a lokacin hutu. Akwai gasar karatu da aka fara tun 1999, wadda ƙungiyar The Reading Agency take shiryawa a laburarori: yaro ɗan shekara 4 zuwa 11 ya karanta littattafai shida kafin a koma makaranta, a ba shi sitika a hanya, a ƙarshe lambar yabo da takardar shaida. Matasa ne ke zama a tebur suna rubuta sunaye, suna sauraron yaro yana ba da labarin littafin da ya karanta, ko wanda ya ce ya karanta. Sa'o'in da suka yi ana lissafa musu su a shirin lambar Duke of Edinburgh, wanda mijin marigayiya Sarauniya ya kafa a 1956. Matakin farko yana neman aƙalla wata uku na aikin taimakon jama'a. Ga kuma shirin abinci da wasanni na hutu don yaran marasa ƙarfi, wanda aka faɗaɗa zuwa duk Ingila a 2021 bayan fafutukar ɗan ƙwallo Marcus Rashford, ɗan Wythenshawe a nan garin. Can ma za ka ga matasa suna raba faranti suna hura balan-balan.

Kada dai ku ɗauka duk don Allah ake yi. Tun 2010 ƙananan hukumomi ke fama da yankan kuɗi, an rufe ɗaruruwan laburarori a Birtaniya, waɗanda suka rage kuma an rage musu ma'aikata. Wani aikin da yaran nan ke yi kyauta, a da akwai mai karɓar albashi a kansa. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne akwai iyaka. Ko aikin kuɗi ne, ɗan makaranta ba ya farawa kafin bakwai na safe, ba ya yin dare a wurin aiki, kuma ba ya haura awa 12 a mako idan ana karatu.

Namu ma sun fara shiga. A sallar idi da ake yi a filin Platt Fields, 'yan samari da 'yan mata sanye da riga mai ƙyalli su ke nuna wa mutane sahu, su bi da baƙar leda suna tsince shara, su riƙe hannun yaron da ya ɓace har a yi cigiyar uwarsa a lasifika. Da na gan su sai 'yan agajinmu na filin idi suka faɗo min a rai.

Gaskiya kuwa mu ba baƙin wannan abu ba ne. Yarinya 'yar 14 a Kano ko Damagaram ta riga ta goyi ƙanne, ta san lallashi fiye da waɗannan da ake karanta wa ƙa'ida a takarda. Yaron shago a Kantin Kwari ya san ciniki da lissafi tun kafin gemu ya fito masa. Wa ke koya wa ƙanana ƙera motar kara da ta gwangwani, in ba yayyensu ba? Wa ke manna musu gemun auduga ya koya musu waƙa idan tashe ya zo? Abin da muka rasa shi ne babu lokacin tashi, babu babban da ke tsaye yana lura, kuma babu wani bare da zai rubuta ya sa hannu cewa wance ta yi kaza, ta iya kaza. Wahalar yarinya a cikin gida ba ta shiga kowace takarda. Tsarin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi a Najeriya, sai an shiga jami'a ko kwalejin fasaha ake cin karo da shi, kuma kun san yadda wasu ke yawon neman mai buga musu hatimi a littafi ba tare da sun taɓa aikin ba.

Da ina da makarantar firamare ko Islamiyya a gida, da a wannan hutun, maimakon lasin ɗin da ake tara yara ana maimaita musu abin da suka gaji da ji, zan ɗauki 'yan SS1 kaɗan, maza da mata, in ba su mako biyu tare da ƙanana. Laka da kara da kwali ba su da tsada. A sa malami ɗaya ya zauna a wurin, a tashi kafin azahar, a ƙarshe hedimasta ya rubuta wa kowa takarda da hatimin makaranta, ya faɗi ainihin abin da ya gani, har da wanda ya riƙa makara.

Irin wannan takarda shugabar sashen ta rubuta wa 'yata, layi kaɗan ne, kuma da ita za ta haɗa idan ta tashi neman kwaleji bayan GCSE, jarrabawar kammala sakandare ta nan. Ƙaninta na biye, babansa ya riga ya fara yi wa wani mai garejin gyaran mota magana tun yanzu.

A gaishe da kowa da kowa, manya da yara.

'Yar'uwarku a Manchester