Alhamis, 18 ga Yuli, 2024: ranar da Marseille ta ɗauki Greenwood

Yau ƙungiyar Olympique de Marseille ta Faransa ta tabbatar da cewa ta sayi ɗan ƙwallon Ingila Mason Greenwood daga Manchester United a kan kwantiragin shekara 5, kuma kuɗin cinikin zai iya kaiwa yuro miliyan 31.6 idan aka haɗa da ƙarin da ke biyo baya. Labarin ya iske ni ne bayan sallar isha'i a majalisarmu ta ƙofar gida, inda ƙanena ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi yana cewa, "Yaya, an gama, yaron ya tafi." Sanye yake da tsohuwar rigar United mai lamba 11 a baya, wadda ya ninke ya jefa ƙasan akwati tun farkon 2022, har jan launinta ya koɗe a wuraren ninki. Da na tambaye shi dalilin fito da ita, sai ya ce bankwana yake yi, kuma ai kotu ba ta kama yaron da laifi ba.

Ina so in rubuta abin da ya faru a jere, domin a majalisa kowa yana ɗauko ɓangaren da ya yi masa daɗi ne kawai. A watan Janairun 2022 'yan sanda suka kama Greenwood bayan wasu hotuna da wata murya da aka naɗa sun bazu a intanet, United kuma ta dakatar da shi nan take. A watan Oktoba na shekarar aka tuhume shi da yunƙurin fyaɗe da duka da kuma takura wa mace ta hanyar juya rayuwarta, shi kuwa ya musanta. Ranar 2 ga Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara na Ingila suka janye tuhumar, suna cewa muhimman shaidu sun janye kuma wasu sababbin bayanai sun fito. Ba a yi shari'a ba, don haka ba a same shi da laifi ba, ba kuma alƙali ne ya saurari hujjoji ya wanke shi ba. United ta yi nata binciken na wata shida, sannan a watan Agustan 2023 ta ce ba zai sake buga mata wasa ba, aka ba da shi aro ga Getafe ta Sifaniya, inda ya ci ƙwallo 10 a kakar da ta wuce.

Musun da aka yi a daren nan duk a kan yaron ya tsaya. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda yake bin United tun zamanin Cantona, ya ce ɗan shekara 22 da bai san wata sana'a ba sai ƙwallo, ba a rufe masa ƙofar neman abinci har abada a kan tuhumar da hukuma da kanta ta ajiye. Na ce masa, "Alhaji, maganarka tana kan hanya, amma buga ƙwallo a gaban mutum dubu sittin ba kamar sauran neman abinci ba ne, domin yara suna sayen rigar mutum su rubuta sunansa a bayansu." Da na shiga gida na ba maiɗakina labari, ba ta ce komai a kan cinikin ba, sai ta tambaye ni ko a cikinmu akwai wanda ya saurari muryar nan har ƙarshe kafin ya fara lissafin ƙwallayen da aka ci a Getafe.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu ƙungiyoyin, domin a ganina sun juya aikinsu a baibai. Sun fi son tsoma baki a inda ba su da ilimi, wato zaɓen wanda zai buga gaba da wanda zai zauna a benci, amma idan magana ta zo kan mutuncin ƙungiya, wanda shi ne haƙƙin da ya rataya a wuyansu kai tsaye, sai su tura ma'aikaci gaba su koma bayan labule. Kowa ya tuna yadda Roman Abramovich, mai Chelsea a lokacin, ya kawo Andriy Shevchenko Chelsea daga AC Milan a 2006 a kan kusan fam miliyan 30, don shi ne yake sha'awar ɗan wasan, ba don koci José Mourinho ya matsa a kawo shi ba. Shevchenko ya ci ƙwallo 9 kacal a gasar Firimiya, Mourinho kuma ya bar ƙungiyar a watan Satumban 2007. A 2011 aka sake zuba fam miliyan 50 a kan Fernando Torres. Wannan shisshigi ne a aikin koci, kuma asararsa ta tsaya a kan kuɗi da maki.

Batun Greenwood daban yake, kuma a nan ne ya kamata a ji muryar mai ƙungiya. A United, wasiƙar da ta yi wa magoya baya bayani a bara Richard Arnold ne ya sa mata hannu, wato shugaban gudanarwa mai karɓar albashi, ba iyalan Glazer da suke riƙe da ƙungiyar tun 2005 ba. Shi ya sha zagin waɗanda suka ce an yi jinkiri da na waɗanda suka ce an zalunci yaron, musamman bayan jaridu sun fallasa cewa da farko shirin dawo da shi ake yi, kuma kafin shekarar ta ƙare ya bar kujerar. Da Sir Jim Ratcliffe ya sayi sama da kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jari ya karɓi ragamar harkokin wasa a watan Fabrairun bana, ya ce za a sake duba maganar, kuma na yaba masa da ya buɗe baki. Sai dai sakamakon dubawar shi ne cinikin yau, wanda lissafin kuɗi ya yi wa jagora: ɗan wasan da ya taso a makarantar ƙungiya ba a saye shi da ko sisi ba, saboda haka kuɗin sayar da shi riba ce tsantsa a littafi, kuma tana taimakawa wajen cika ƙa'idojin kashe kuɗi na Firimiya. An kuma ruwaito cewa United ta riƙe kaso a duk cinikin da Marseille za ta yi da shi nan gaba. Ba ta yarda ya sa rigarta ba, amma ta yarda ta ci ribar ƙafarsa sau biyu.

A ɓangaren Marseille ma haka abin yake. Magajin garin birnin, Benoît Payan, ya fito fili ya ce ba ya son a kawo shi, wasu magoya baya kuma sun yi ta kamfe a shafukan sada zumunta. Waɗanda suke amsa tambayoyin 'yan jarida su ne shugaban ƙungiya Pablo Longoria da sabon koci Roberto De Zerbi, alhali mai ƙungiyar tun 2016 shi ne attajirin Amurka Frank McCourt, kuma babu mai hankalin da zai yarda a fitar da kuɗi masu yawa haka a kan suna mai ƙura irin wannan ba tare da amincewarsa ba. Dalilin matsuwarsu a bayyane yake, domin sun ƙare a mataki na 8 a kakar da ta wuce, ba za su buga gasar Turai ba, kuma Pierre-Emerick Aubameyang da ya ci musu ƙwallo 30 yana barin su zuwa Saudiyya. Sun ga haja mai kyau da farashinta ya faɗi saboda manyan masu saye suna jin kunyar tayawa, sai suka taya. Koci da shugaba za su iya barin aiki gobe, mai ƙungiya ne zai zauna da sunan, don haka shi ya dace ya tsaya gaban mutanen birnin, musamman matan da ke zuwa filin Vélodrome, ya faɗi dalilinsa da bakinsa.

Marseille ta fi kowa sanin abin da mai ƙungiya zai iya jawowa. Bernard Tapie, mai ƙungiyar a wancan lokaci, shi ne ya kai ta ga kofin Zakarun Turai a 1993, lokacin da Abedi Pele na Ghana ya bugo kwana Basile Boli ya sa kai a ragar Milan, kuma a ƙarƙashinsa ne badaƙalar sayen wasa da Valenciennes ta sa aka ƙwace mata kofin Faransa na shekarar, daga baya aka jefa ta rukuni na biyu.

Kafin mu watse, ƙanena ya kira mai gidan kallon ƙwallo na unguwarmu ya tambaye shi ko zai riƙa nuna gasar Faransa, tunda Marseille za ta fara da Brest a tsakiyar watan Agusta. Mutumin ya ce tun da ɗan Najeriya Taye Taiwo ya bar ƙungiyar a 2011 babu wanda ya nemi ya kunna wasanta, amma idan an samu mutum ashirin da za su biya kuɗin shiga, zai sayi man janareto.