Abin da kundina kan Bahar Rum ya jawo mini

Makon gobe in sha Allahu zan bar tsibirin Saifurus da takardar digiri na biyu, wata shida bayan lokacin da ya kamata. Waɗanda muka yi karatu tare sun san dalili.

Kundina a kan ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, na ce jama'a ɗaya ce ruwa ya ratsa tsakaninta. Hujja kuwa sai da na tara ta buhu-buhu. Zaitun da alkama da inabi tun daga Maroko har Lebanon. A 2010 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa abincin yankin cikin al'adun gado na duniya da sunan Sifaniya da Italiya da Girka da Maroko, Saifurus ta shiga a 2013. Mutanen Malta Kiristoci ne, amma harshensu daga Larabci ya tsiro, Ubangiji ma Alla suke ce masa. Malamin da ke duba aikina ya bi shi babi-babi yana cewa ya yi.

Ranar kare kundin, wata farfesa 'yar tsibirin ta bari na gama tsaf, sannan ta tambaye ni sau nawa na tsallaka kudancin Nikosiya, babban birnin tsibirin. Ko sau ɗaya. Tun 1974 tsibirin a rabe yake, Turkawa a arewa, Girkawa a kudu, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a tsakani, kuma mu da muka sauka ta filin jirgin arewa da koren fasfo ba mu wuce shingen. Ta ce, "To malam, ka cika shafi ɗari kan haɗin kan teku guda, alhali garin da kake kwana ba ka iya ratsa shi da ƙafa." Ta kuma tuna mini Lamfedusa, tsibirin Italiya da ke kusa da Tunisiya, inda wani ke zuwa hutu, wani ana tsamo gawarsa daga ruwa.

Gaskiyarta ce, ban ji haushinta ba. Malamina ne ya sunkuyar da kai, da ya ɗago sai ya ce ai ya sha ja mini kunne. Wallahi bai taɓa ba.

Da na sake rubutun, da cuku na fara. Abu ɗaya ne, a arewa hellim, a kudu halloumi, har sai da Tarayyar Turai ta yi masa rajista da sunayen biyu a 2021. Kamar da ke tsakanin ƙasashen tana nan, ban janye ta ba, sai dai kama da wane ba ta wane. Farfesar ta sa hannu ba gyara ko ɗaya.

Masu zuwa bayana, duk abin da malami ya amince da shi ku nemi ya turo ta imel. Ku kuma ajiye kuɗin zango guda a gefe, don ƙarin wata shidan nan da kuɗin waje na biya shi.

A shafin godiya na ba farfesar sakin layi guda. Malamina na rubuta sunansa, tunda ƙa'ida ce.